Darasi: Me Muke Nufi In Mun Ce "Tsari"?

'Yan'uwa, duk lokacin da ma'aikatan raya karkara suka zo taro a ƙauye, akwai kalmar da ba ta barin bakinsu, wato "tsari". Sai ka ji tsarin kiwon lafiya, tsarin ba da rance, tsarin samar da ruwa. Jama'a su gyaɗa kai, a rufe taro da addu'a, kowa ya tafi gida da tasa fahimtar. Yau za mu zauna mu warware kalmar nan, gama rashin gane ta ya kashe famfuna da yawa a ƙauyukanmu.

Mu fara da kunne. A rubuce kalmar ɗaya ce, amma a baki ba ɗaya ba ce. Akwai tsari, dabban nan ɗan'uwan guza da damo; wannan mu bar wa yara masu farauta. Akwai tsari na kariya, wanda ya fito daga "tsare", kamar yadda muke cewa Allah ya tsare hanya. Daga nan ne "tsaro" ya fito. Sai kuma tsari wanda ake jan "tsa" ɗinsa, daga "tsara". Shi ne abin nazarinmu.

Ma'anarsa ta farko jeri ce, wato abu bayan abu. Tsarin sujada ke nan: waƙa, addu'a, karatu, wa'azi, baiko. In aka ce mutum ba shi da tsari, ana nufin aikinsa a birkice yake.

Ma'ana ta biyu ita ce hanyar da hukuma ta shimfiɗa domin a bi. Kakanninmu sun zauna ƙarƙashin tsarin En'e, har aka kawo gyaran ƙananan hukumomi a 1976. Kundin tsarin mulkin da Nijeriya ke aiki da shi na 1999 ne. Waɗanda suka shiga makaranta bayan 1982 sun san tsarin 6-3-3-4.

Ma'ana ta uku ita ce mai wuya, ita ce kuma ma'aikatan nan suke nufi: abubuwa dabam-dabam da suka dogara ga juna, har in ɗaya ya tsaya sauran su ji a jikinsu. Matasanmu sukan ari kalmar Turanci su ce "sistem". In sun ce sistem na majami'a ya lalace, je ka duba. Sau da yawa lasifika lafiyarta lau. Waya ce ɓera ya ci, ko babu fetur a janareta, ko kuwa yaron da ya iya haɗawa ya tafi Kaduna. Ashe yaron ma yana cikin sistem ɗin!

Ƙasar Birnin Gwari ta koyi wannan ma'ana ta uku da hawaye. Kalmar "birni" kanta tana nufin gari mai ganuwa. Amma ganuwa kaɗai ba ta taɓa tsare kowa ba, sai da ƙofa, da mai tsaron ƙofa, da masu gyara inda damina ta zubar, da hatsi a rumbu. Da zamani ya juya, hanyar mota ta fi ganuwa amfani. Fada ta koma sabon gari a bakin babbar hanyar da ta fito daga Kaduna ta nufi Tegina, aka bar wa na dā sunan Tsohon Birnin Gwari. Tun daga nan rayuwar manomi ta rataya ga hanya. Ta nan taki yake shigowa, ta nan masara take fita.

Dajin ma haka. An keɓe gandun Kamuku a 1936 ƙarƙashin En'e, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Amma suna a takarda ba ya tsaron daji. Da 'yan bindiga suka sami mafaka a cikinsa da dajin Kuyambana, abin bai tsaya a daji ba. An kai hari Dogon Dawa a 2012. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a Gwaska. Direbobi suka ji tsoron hanya, kuɗin mota ya hau, mai sayen hatsi ya rage zuwa. Manomin da ya bar gona mai nisa ya girbe kaɗan, kuɗin makarantar yara ya gagara. Malamai da ma'aikatan asibiti da yawa suka nemi canjin wurin aiki. Ku lura, ko ajin da ɗan bindiga bai shiga ba ya ji.

A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan wayar salula na kusan wata biyu. Manufar ita ce a toshe wa ɓarayi hanyar samun kaya da labari. Sai dai jarkar da ɓarawo yake sayen fetur da ita, irinta ce mai injin niƙa yake amfani da ita. Layin da mai kai wa ɓarayi labari yake kira da shi, shi ne ɗa yake turo wa tsohuwarsa kuɗi da shi daga birni. Ba muna yanke hukunci a kan matakin ba ne. Muna nuna cewa a cikin tsari ba a iya jan zare ɗaya sauran su zauna lafiya. Haka kuma da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan shekaru tana rufe, ba masu shanu kaɗai suka yi murna ba. Mai tuwo, da ɗan dako, da mai faci duk sun san abin da ya dawo musu.

To, mu dawo kan famfonmu. In wata ƙungiya ta haƙa mana rijiyar burtsatse ta ɗora famfon tuƙa-tuƙa, ta ba mu ƙarfe da rami ne, ba ta ba mu tsarin ruwa ba. Robobin da ke cikin famfo sukan cinye, wannan ba laifin kowa ba ne. Abin tambaya shi ne, ranar da suka cinye, wa zai lura? Wa ya iya kwancewa? Kuɗin yana hannun wa, an kuma rubuta shi? A ina ake sayar da robar, in kuma hanya ba ta biyuwa, akwai wadda aka ajiye? Mun sha ganin famfon da aka kashe kuɗi mai yawa a kansa ya shekara a tsaye saboda abin da bai kai kuɗin akuya ba, mata kuwa sun koma rafi, zawo ya koma cikin yara. Abin mamaki, matan nan su ne suke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, domin akwai uwar adashi, akwai ranar zubi, kowa ya san kwasarsa. Amma in za a kafa kwamitin ruwa, sai a cika shi da maza waɗanda ba sa ɗiban ruwa.

Aikin wannan mako: zumuntar mata, da matasa, da dattawa, kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya da ƙauye ya dogara gare shi, ko famfo, ko injin niƙa, ko rumbun taimako. Ku zana shi a ƙasa da tsinke. Ku ajiye dutse ɗaya a madadin kowane mutum ko kaya da yake bukata kafin ya yi aiki. Sa'an nan wani ya ɗauke dutse guda, ku faɗi abin da zai faru, da wanda zai maye gurbin. Sakatare ya rubuta duwatsun da ba su da mataimaki, a kawo takardar taro mai zuwa.