DARASI: LAIFI BIYAR, TARA BIYAR

Karatu: Romawa 13:1-7, Maimaitawar Shari'a 22:8

Gabatarwa

Kaka ta yi, lokacin tafiye-tafiye ya zo: kai amfanin gona kasuwa, bukukuwan aure, taron zumuntar mata da na matasa. Yawancinmu shatar mota muke ɗauka. Da yawa kuma muna zaton in ma'aikatan hanya sun tare direba, tara guda zai biya komi yawan laifinsa. Ba haka ba ne. Kowane laifi da tararsa, kuma haɗa su ake yi.

Abin da doka ta ce

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988. Dokar hukumar ta 2007 ta jera laifuffukan hanya, kowanne da kuɗin tara da kuma maki. Bari mu ɗauki misali. An tare wata a-kori-kura ranar kasuwa, buhunan masara a baya, mutane zaune a kan buhuna. Bisa jadawalin dokar 2007, ga lissafin direban:

1. Lodi fiye da ƙima: N10,000, maki 10
2. Tuƙi babu lasin: N10,000, maki 10
3. Amsa waya yana tuƙi: N4,000, maki 4
4. Suɗaɗɗiyar taya: N3,000, maki 3
5. Rashin ɗaura bel: N2,000, maki 2

Jimla N29,000 da maki 29, a tsayawa ɗaya. In kuma ya miƙa wa ma'aikaci "na goro", wannan laifi na shida ne, tararsa N10,000. Tuƙin ganganci shi kaɗai N50,000 ne. Mai babur ma bai tsira ba: rashin hular kwano N2,000.

Makin nan ba kamar na makaranta ba ne. Idan ya taru wa direba, akwai gargaɗi, akwai dakatar da lasin, akwai ƙwace shi gaba ɗaya. Wanda tuƙi ne abincinsa, iyalinsa ne za su ji a jikinsu.

Idan an kama ka

Za a rubuta maka takarda mai nuna laifuffukanka ɗaya bayan ɗaya. Ka karanta, ko ka sa a karanta maka. Ba a biyan tara a hannun ma'aikaci. A asusun gwamnati ake biya ta banki, ka riƙe rasit. Idan ba ka yarda ka yi laifin ba, kana da 'yancin zuwa gaban kotu. Ana iya tsare motar, kuma dokar 2007 ta sa kuɗin ajiya N200 kowace rana bayan awa 24 na farko. Motar da ta yi wata shida ba a karɓa ba, hukumar tana iya neman babbar kotu ta mallaka mata ita.

Ina namu alhakin?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa mukan ɗauki mota mai cin mutum 18 mu cusa 25 domin kuɗin shata ya yi sauƙi? Sau nawa mukan ce wa direba ya taka wuta don kada a fara sujada ba mu? Direba ne zai biya tara, amma mu muka sa shi. In taya ta fashe a kan gangara, asarar ta wuce ta kuɗi.

A Maimaitawar Shari'a, Allah ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da katanga, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Bel da taya mai kyau da lodi daidai su ne katangarmu a kan hanya. Manzo Bulus kuma ya koya wa Romawa su yi biyayya ga mahukunta saboda lamiri, ba don tsoron hukunci kaɗai ba.

Abin da za mu yi

1. Kafin ikilisiya ta ɗauki shata, dattawa biyu su duba lasin direba, takardun mota da tayoyi.
2. A ƙirga kujeru, a ƙirga mutane. In sun fi, a nemi mota ta biyu ko a yi sahu biyu.
3. A tashi da wuri, kada a matsa wa direba.
4. In haɗari ya faru, a kira lambar hukumar, 122. Kyauta ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. In an ci direba tara saboda lodin da mu muka tilasta masa, wa ya kamata ya biya?
2. Me ya sa ba da "na goro" bai dace da mai bi ba, ko da ya fi tara araha?

Addu'a

A yi addu'a domin direbobin ƙauyenmu, da ma'aikatan hanya, da iyalan da suka rasa nasu a haɗari. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.