Gyaran Ƙwaƙwalwar Mota da Shafen da Ke Kare Allonta

Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwatin ƙarfe ko roba. Manyan ayyukanta biyu ne: auna man da za a fesa wa inji, da tsayar da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ko Golf 3 da ke jigilar fasinja daga Kutama zuwa Gwarzo da Kano, wadda aka fara ƙerawa a 1991, tana da ita.

Ta yaya take sanin abin da inji ke ciki? Ta hanyar na'urorin ji, wato sansa. Wata tana ƙirga juyin karanshaf, wata tana auna zafin ruwan inji, wata kuma tana jikin salansa tana auna iskar da ta saura a hayaƙi. Ƙwaƙwalwar tana haɗa waɗannan saƙonni ta daidaita cakuɗin, don fetur ya fi ƙonewa sarai idan giram 1 ya gamu da giram 14.7 na iska.

Idan aka buɗe akwatin, za a ga koren allo mai siraran layukan tagulla, an liƙa ƙananan kayan lantarki a kansu da dalma. Wutar batir mai bolt 12 tana shigowa, a rage ta zuwa bolt 5 kafin ta isa ga sassan lissafi. Layukan suna dab da juna ƙwarai, nan kuwa hatsarin yake. Busasshiyar ƙurar hunturu ba ta cika ɗaukar lantarki ba, amma da zarar danshin damina ya same ta, gishirin da ke cikinta ya narke, sai ta zama hanyar da wuta ke tsallakawa daga layi zuwa layi. Sannu a hankali tagullar takan yi kore, ta rube, ta yanke.

Saboda haka masana'antu da yawa ke yi wa allon shafen kariya, wato siririn ruwan roba mai bin kowane tudu da kwari na allon ya bushe a kai. Na akirilik, kaurinsa yakan kama daga maikiromita 25 zuwa 75, kusan kaurin gashin kai ke nan. Shi ya fi sauƙin cirewa, don sinadari na narkar da shi. Na silikon ya fi jure zafi. Na ifoksi kuwa tauri gare shi, sai an sha fama kafin a cire shi.

A Golf 3 akwatin yana zaune a kwarin da ke ƙarƙashin gilashin gaba. Idan ganye ko ƙaiƙayi ya toshe magudanar wurin, ruwan sama zai kwanta har ya kai ga soket. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi, juya kan batir, da yin walda ba a cire batir ba, duk suna iya kashe ƙwaƙwalwar.

Gyara ba daga buɗe akwati yake farawa ba. Mai lantarkin mota yakan fara duba batir, fiyus da wayar da ke kama jikin mota, sannan ya jona na'urar karanta matsala. Sau da yawa laifin na waya ne, mai mota kuwa har ya kama hanyar kasuwar Ƙofar Ruwa neman wata ƙwaƙwalwar. Idan ya tabbata allon ne, sai ya taɓa ƙarfe ya sauke lantarkin jikinsa kafin ya kama shi. Yawancin shafen na ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, don haka ana ganin inda ya tsage. A cire shafen a iya wurin da ya lalace kawai, domin dalma ba ta kama tagulla da kyau ta kansa. A canza abin da ya ƙone, a haɗa layin da ya yanke da siririyar waya, a wanke wurin da sifirit na aisofurofil, a bar shi ya bushe ƙarau.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne mayar da shafen, ni kuwa a ganina gyara bai cika ba sai da shi. Motar za ta tashi lafiya a rani, damina na sauka wurin da aka bari tsirara ya fara rubewa. A rufe haƙoran soket da tef don kada shafen ya hau su, a shafa siriri da ƙaramin buroshi, ya bushe, a ƙara. Kada a yi amfani da silikon ɗin liƙe gilashi mai warin tsami, don asid yake fitarwa yayin bushewa, asid ɗin kuma yana cin tagulla. Daga nan a gyara robar bakin akwatin, a share magudanar ruwan kafin a mayar da shi mazauninsa.