Hasashen Dawowar Ciwo Bayan Alamar Farko ta Cutar Tabon Jijiya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ma'aunan da likitoci ke dogaro da su wajen hasashen dawowar ciwo ga wanda alamar farko ta cutar tabon jijiya ta bayyana gare shi, tare da nuna inda hasashen yake da iyaka.

1.0 Gabatarwa

Cutar tabon jijiya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, tana aukuwa ne idan garkuwar jiki ta far wa rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta bar tabo a wurare da dama. Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a 1868. Galibi takan fara da tashi guda: dusashewar ganin ido ɗaya tare da zafi, ko ganin abu bibbiyu, ko sanyin gaɓa, wanda zai kai aƙalla sa'a 24 kafin ya lafa. Wasu daga nan shi ke nan, wasu kuwa ciwon yakan dawo. Rarrabe waɗannan rukunai biyu shi ne matsalar.

2.0 Hoton MRI

Ma'auni mafi ƙarfi shi ne yawan tabon da hoton MRI ya nuna tun a tashin farko. A Amurka an bi diddigin masu kumburin jijiyar ido tsawon shekara 15. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna cutar ta tabbata ga kashi 72 cikin 100 na masu tabo ɗaya ko fiye, alhali ga marasa tabo kashi 25 ne. Wani bincike na shekara 20 a Landan ya sami kashi 82 da kashi 21. Ke nan tsabtar hoto tana rage haɗari ƙwarai, amma ba ta kawar da shi.

3.0 Ruwan Laka

Ma'auni na biyu shi ne wasu sunadaran garkuwa da ke fitowa layi-layi a gwajin ruwan laka, ba tare da takwarorinsu a jini ba. Samun su shaida ce cewa kumburin daga cikin tsarin jijiya yake, kuma yana kusan ninka haɗarin tashi na biyu. Nazarin da aka yi wa majinyata sama da 1,000 a Basilona, wanda ya fito a 2015, ya jera ma'aunan bisa nauyi: tabo 10 ko fiye a sama, layukan ruwan laka a tsakiya, shekaru da jinsi a ƙasa. Gyaran ƙa'idojin McDonald na 2017 ya amince waɗannan layuka su tsaya a madadin jiran tashi na biyu.

4.0 Amfani da Iyaka

Amfanin hasashen yana ga magani. Gwajin CHAMPS na 2000 ya nuna fara allurar intafiron da wuri yana jinkirta tashi na biyu. Sai dai akasarin alƙaluman daga Turawa aka tattara su. Akwai kuma wata cuta mai kama da ita, NMO, wadda ta fi yawa ga baƙar fata fiye da Turawa, kuma intafiron yana iya tsananta ta. Don haka gwajin jini na akwaforin-4 wajibi ne idan alamun sun karkata can.

5.0 Kammalawa

Hasashen yana bayyana rabon rukuni ne, ba hukuncin mutum ɗaya ba. Hoton farko da ruwan laka su ke nuna wa za a fara wa magani, maimaita hoton bayan watanni kuma shi ke gyara hasashen.