Harshe da Tunani: Darasi Daga Bakin Ruwan Dagona

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin ilimin ma'ana ya ci karo da maganar rukunin kalmomi. Ana koya mana cewa karfasa da tarwaɗa da gaiwa duk suna ƙarƙashin babbar kalma ɗaya, wato kifi, kamar yadda fartanya da gatari suke ƙarƙashin kayan aiki. Mukan zana wannan a allo tamkar bishiya mai rassa, mu ɗauka cewa haka kowane mai hankali yake tsara duniya a ƙwaƙwalwarsa. Ni ma haka na ɗauka, har lokacin da wani aikin jinga a kan dangantakar harshe da tunani ya kai ni wajen dangin mahaifiyata a Dagona, a hunturun 2023.

Ga wanda bai sani ba, Dagona ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Tafkinsa mafaka ce ta tsuntsayen ruwa, har da waɗanda kan gudo wa sanyin Turai, kuma Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin a 1989. Mutanen garin Badawa ne. Badanci ɗan'uwan Hausa ne a cikin dangin harsunan Chadi, marigayi Farfesa Russell Schuh kuwa ya daɗe yana nazarinsa. Kawuna da na sauka a gidansa masunci ne, yana jin Badanci da Hausa, bai taɓa zama a ajin boko ba. Ba a su a cikin tafkin da hukuma ta killace, don haka shi da abokan sana'arsa sukan tafi rafuka da ƙoramun da ke kewaye.

Gwajin da na tafi da shi ba nawa ba ne. Na aro shi ne daga Alexander Luria, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Rasha, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932. Yakan nuna wa manomi hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce ya fitar da wanda ba ya cikin rukunin. Amsar da makaranta take so ita ce gungume, tun da sauran ukun kayan aiki ne. Ni sai na sauya kayan suka dace da bakin ruwa: taru da ƙugiya da mali da kifi.

Na ce, "Kawu, a cikin huɗun nan wanne ne bare?"

Ya ce, "Babu bare. In ka cire kifi, tarun na mene ne? Rataye shi za ka yi a ɗaki kana kallo?"

Na ce, "Ai wani ya ce kifi ne ya fita daban."

Ya yi dariya ya ce, "Wannan wanin, a gidansu sayo kifi ake yi a kasuwa."

Da na matsa masa, sai ya ce in dai dole ne a cire ƙugiya, domin ruwa ya fara ja da baya, mali ta fi ta amfani a lokacin. Na rubuta a littafina cewa bai fahimci tambayar ba. Ina jin kunyar wannan layin har yau, shi ya sa ban goge shi ba.

Irin amsar da manoman Luria suka ba shi ke nan: sun ƙi raba gungume da zarto, domin ba su ga amfanin zarto ba in babu abin yankawa. Haka kuma Joseph Glick da abokan aikinsa suka tarar a tsakanin Kpelle na ƙasar Laberiya a shekarun 1960. An ba su kayayyaki su rarraba, sai suka riƙa haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da aka tambaye su yadda wawa zai rarraba, nan take suka ware abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda, daidai yadda mai gwajin yake nema tun farko. Da na tuna da wannan labari, washegari na koma na ce, "Kawu, da ɗan makaranta aka tambaya, me zai ce?" Bai ko ɗago kai daga ɗinkin tarunsa ba ya ce, "Kifi mana. Shi kaɗai ke da rai, sauran hannu ne ya yi su." Ashe amsar tana wurinsa tun jiya. Bai ga ta cancanci a faɗa ba ne kawai.

Daga nan tambayar da ta shafe mu, mu ɗaliban harshe, ta taso. Shin Badanci ne ya sa Kawu yake haɗa abubuwa ta hanyar amfaninsu? Wanda ya riƙe ra'in Sapir da Whorf da tsauri, wato cewa harshen mutum shi ke yanke masa iyakar tunani, zai iya cewa e. Sai na sa ɗan Kawu, wanda yake aji biyar na sakandare a Gashuwa, ya yi wa wani maƙwabcinsu masunci tambayar da Badanci, ni kuma na maimaita masa da Hausa. Amsar ba ta sauya ba: babu bare. Shi kuwa yaron, ko da wane harshe aka tambaye shi, kifi yake cewa. Uba da ɗa, harshe ɗaya suka sha a nono, amsa biyu. Mutum uku ba su isa a kafa hujja da su ba, amma abin ya yi daidai da sakamakon Sylvia Scribner da Michael Cole a littafinsu na 1981 a kan al'ummar Vai ta Laberiya. Vai suna da rubutunsu na gargajiya, wasu sun iya Larabci, wasu sun yi boko. An gano cewa zaman aji na boko ne, ba iya rubutu kaɗai ba, ya fi koya wa mutum irin bayanin da waɗannan gwaje-gwaje suke nema.

Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da abin da ake kira ma'aunin kaifin ƙwaƙwalwa. Alfred Binet da Théodore Simon sun ƙirƙiro na farko a Faransa a 1905 domin gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma har yau a cikin irin waɗannan gwaje-gwaje akwai tambayar me ya haɗa abu kaza da abu kaza. A 1984 James Flynn ya nuna cewa makin Amurkawa ya yi ta hawa da kimanin 3 a kowace shekara 10. Ba wanda zai yarda cewa kakanninsu dolaye ne. Shi kansa Flynn ya koma ga manoman Luria wajen bayani: makaranta da ayyukan zamani sun saba wa mutane da rarraba abubuwa bisa jinsi da amsa tambayar "a ce". Wannan ƙwarewa ce mai amfani, ba a kimiyya sai da ita, amma koyonta ake yi. Hausa ma ba ta tara al'amarin a kalma ɗaya ba. Muna da hankali da wayo da basira da hazaƙa da dabara da hikima. Gizo na tatsuniya ya cika wayo, amma ban taɓa jin an kira shi mai hankali ba. Ga wanda yake neman batun kundin digiri, iyakokin ma'anar waɗannan kalmomi shida sun ishe shi aiki.

To, ke nan harshe ba shi da hannu a tunani? Yana da shi, sai dai ba a inda na fara nema ba. Suna yakan ja hankali zuwa ga abu. Da muka tsaya a gefen tafki, ni agwagin ruwa kawai nake gani. Kawu ya nuna mini kirinjijiya da dinya, ya bambanta mini zalɓe da balbela ta tsayi da launi. Cikin rabin awa idona ya fara rarrabe abin da ɗazu yake gani a dunƙule.

Suna kuma yakan ɗaure tunani. Karl Duncker, a aikinsa da ya fito da Ingilishi a 1945, ya ba mutane kyandir da ashana da kwali cike da ƙananan ƙusoshi, ya ce su kafa kyandir ɗin a bango. Mafita ita ce a juye ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a ɗora kyandir a kai. Da yawa sun kasa, domin a wurinsu kwali mazubin ƙusa ne kurum. Masu bincike na baya sun gano cewa in aka ambaci kwalin da sunansa, daban da ƙusoshin, an fi saurin gano mafitar.

Nawa kwalin ya same ni ranar da zan dawo. Hanyar da za ta fitar da mu bakin titi ta ratsa wata ƙorama, kachalla ta toshe mashigin kwalekwale, inda ya rage a buɗe kuwa ruwan ya kai wuya. Ina riƙe da waya da littafin da na cika da bayanan jingata. Na yi tunanin leda, na yi tunanin ɗaura su a ka da rawani, na yi tunanin zagayen da zai ci mana awa biyu. Duk wannan lokaci babbar gorar Kawu tana gabana, wadda yake kifa ciki a kanta yana iyo in zai yi su, yana jefa abin da ya kama ta bakinta. A ƙwaƙwalwata an riga an rubuta mata "abin hawa". Kawu ya karɓi wayar da littafin, ya naɗe su a hularsa, ya zura a cikin gorar, ya tura ta gabansa muka haye. Littafin ya iso Gashuwa a bushe, sai dai har yanzu yana ƙarnin tarwaɗa.