Katin asibiti a Diobu: a yanka shi tun ana da lafiya

Duk mazaunin Mile 2 a Diobu, Fatakwal, ya san yadda ake yi idan ciwo ya kwantar da ɗan'uwa. Bayan sallar Isha'i a yi sanarwa a masallaci, a zagaya da hula, mai shayi ya jefa nasa, mai gwari ya jefa nasa. Allah ya saka da alheri, amma abin da ke cikin hular nan ba ya biyan kuɗin tiyatar mai naƙuda. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa su nemi inshorar lafiya tun kafin buƙata ta taso.

Da can ba don irinmu aka yi ta ba. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da ya fara aiki a 2005 ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, mai tura baro a kasuwar Ikoku kuwa ko labari bai ji ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta buɗe ƙofa, da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Ribas ma tana da nata shirin, RIVCHPP.

To, ta ina za a fara? Da lambar NIN, taka da ta maiɗaki da ta yara. Daga nan ka je ƙaramin asibitin gwamnati mafi kusa da gidanka, ka tambaya ko ana rajista. Masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu naƙasa su ne a sahun gaba wajen samun kulawa kyauta, don haka a fara da su.

Kada ka sa hannu sai ka ji amsar tambayoyinka: yaushe katin zai fara aiki, wane magani ne ke ciki, wanne ne babu, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsu wa zai ba ka takardar turawa babban asibiti? In Turanci na ba ka wahala, tafi da wanda zai fassara maka. Babu abin kunya a nan.

Inda 'yan ci-rani suka fi yin tuntuɓe shi ne katin jiha na tafiya ne da asibitin da ka zaɓa. Wanda iyalinsa ke Kano ya yi musu rajista a can da hukumar KSCHMA, shi kuma ya yi tasa a Fatakwal. Mai yawan zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa ya tambayi ofishin NHIA game da GIFSHIP, shirin tarayya da ke karɓar mutum ɗaya, iyali ko ƙungiya.

Rajistar ƙungiya ita na fi so mu kama. Mahauta da direbobi da 'yan gwari duk suna da shugabanni, kuma an saba adashi. A ware zubi ɗaya a shekara don sabunta kati, a ɗora wa mutum guda amanar tunatar da kowa ranar ƙarewarsa. Katin matar gida kuma ya zauna a hannunta, domin naƙuda na iya tasowa kana kasuwa.