Amsoshin Tambayoyinku: Jan da ƙaguwa ke yi a tukunya

Wani mai sauraronmu daga Ƙauran Namoda na tambaya: me ya sa ƙaguwar gulbin Gagare ke komawa ja in an dafa ta, kuma wai magani ce?

To Malam, jan nan wani sinadari ne, astazantin. Daga abincinta na cikin ruwa ƙaguwa ke samunsa, ya laɓe a ɓawonta, sai zafin wuta ya tona shi. Masu bincike sun ga yana kare ƙwayoyin jiki daga ɓarnar da iskar oksijin kan jawo. Amma a ce magani ne, da sauran rina a kaba. Zogale da yakuwar bayan gidanka ma suna ba da irin wannan kariya. In za ka ci ƙaguwar, ta dahu sosai, don ɗanyar ƙaguwa kan ɗauki tsutsar huhu.