Mutumin Sakaba a Ƙasar Azbin

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Sakaba ne, ka saba da ƙasar Zuru, inda damina kan yi wata 5 ko 6. To, in fatauci ya kai ka arewa, ka wuce Sakkwato da Tawa har Agadas, sai ka tarar ruwan sama kaɗan ne, yawancinsa a Yuli da Agusta.

Ga abin da ke halaka baƙo. A gida in ka yi noma gumi ya kan jiƙa maka riga, ka san ruwa ya fita jikinka. Can kuwa iska busasshiya ce, da gumi ya tsatso sai ta shanye. Jikinka na ƙafewa, kai ba ka sani ba.

Saboda haka kada ka jira ƙishirwa. Riƙa kurɓa daga salka tun da safe. Duba fitsarinka, in ya ragu ya yi ja, ƙara shan ruwa. Naɗa rawani da amawali kamar Buzaye. Yi tafiya da asuba da la'asar, rana tsaka ka nemi inuwa. Kada kuma ka manta da bargo, gama da hunturu sanyin dare can ya fi na gida.